Gwangwanin Tsutsa a Bakin Ƙofa

Kwana uku Auta ta yi tana tonon tsutsa a bayan banɗaki, inda ruwan wanka ke jiƙa ƙasa. Ta tara su a gwangwanin madara, ta huda murfin da ƙusa don su sha iska. Shekararta shida, kuma tun da makarantarsu ta ce za a kai yara kamun kifi a tafkin wata gona, ba ta da wata magana sai wannan. Babanta direban babbar mota ne, yana kan hanya, don haka yayarsa ce ta rufe shagon ɗinkinta ta rako ta.

A bakin ƙofar gonar mai gadi ya miƙa hannu.

"Mene ne a gwangwanin nan?"

"Tsutsa ce," in ji Gwaggo.

"Ba a shiga da ita. Manaja ya hana. Abin fatsa a ciki ake saye."

"Tsutsar ce za ta cinye muku tafkin?"

"Ni dai abin da aka ce mini ke nan, Hajiya."

Auta ta rungume gwangwanin a ƙirji. Layi ya yi tsawo a bayansu, iyaye na ta tsaki. Gwaggo ta ɓamɓare yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye gwangwanin a gindin katanga, cikin rana. Wannan ya fi komai ƙona wa Gwaggo rai, da hannunta ta yi.

A cikin rumfa an jera kifayen roba masu ƙyalli, ja da kore da ruwan zinariya, kowanne da ƙugiya mai baki uku tana reto a wutsiya. Yara suka yi caa a kansu. Gwaggo ta ɗaga ɗaya, ta gwada shi da tafin hannunta. Mahaifinta masunci ne, ta girma tana warware masa zare, kuma tun daga nesa ta ga abin da ke wasa a gefen tafkin: ƙananan karfasa, bakin kowace bai fi ramin maɓalli ba.

"Wannan ai ya fi kifin da ke ruwan girma," ta ce wa mai sayarwa. "Ba ku da ƙaramar ƙugiya mai baki ɗaya?"

"Wannan yaran suka fi so."

"Na sani. Kifin nake tambaya."

Mai sayarwar ya kau da kai. Ta saya, don ba yadda za ta yi.

Awa guda ta wuce. Yara wajen talatin a jere a bakin ruwa, kowa da gorarsa ta fatsa, ba wanda zarensa ya motsa. Kifin roba sai an iya jifa da ja a hankali yake yaudarar babban kifi, su kuwa yaran sai su tsoma shi ya nutse cikin taɓo. Wata yarinya ta wurga nata ya kama gyalen malamarsu. Wani ya soke babban yatsansa, aka ɗauke shi yana kuka. Manaja yana zagayawa da hula mai faɗi, yana ɗaukar hoto, yana cewa a yi murmushi.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta zuba wa ruwan ido, can ta ce a hankali, "Gwaggo, ni ce ban iya ba ko?"

 Gwaggo ta karɓi gorar, ta kwance kifin robar ta jefa a jaka. Ta zare allurar da ke maƙale a bakin mayafinta, irin wadda tela ba ya rabuwa da ita, ta danna ta a kan dutse har ta lanƙwashe, ta ɗaure a zaren.

"Tashi ki shiga ciyawar can. Ki kamo mini fara, ƙarama, kada ki matse ta."

Auta ta dawo da ita a dunƙule cikin hannu. Gwaggo ta nuna mata inda ake soka ta a bayan wuya, ta ce ta sauke a nan kusa, inda inuwar ciyawa ta faɗa kan ruwa. Ba a yi minti biyu ba zaren ya miƙe. Yarinyar ta fizga da dukan ƙarfinta, karfasa ta faɗo kan ciyawa tana tsalle, ba ta fi yatsu huɗu ba.

Kafin Gwaggo ta ɗago, rabin yaran sun watsar da gororinsu sun bazu cikin ciyawa. Uwaye suka kewaye ta, wannan ta ciro fil daga ɗankwali, waccan daga jaka. Ta zauna a kan dutsen tana lanƙwasawa tana ɗaurewa, yatsunta har sun yi ja.

Manaja ya iso yana haki.

"Baiwar Allah, wa ya ba ki izini? An ce ba a shigo da komai daga waje."

"Farar gonarka ce. A nan aka haife ta."

Iyaye suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ka tara 'ya'yan mutane a rana, ka sayar musu da abin da ka san kifinka ba zai iya haɗiya ba. Yarinyar nan tana tambayata ko ita ce ba ta iya ba. Me zan ce mata? Ka tsaya a nan ka faɗa mata da bakinka."

Ya dubi Auta, ya dubi wayoyin da iyaye suka soma ɗagawa, ya gyara hularsa ya koma rumfa.

Da la'asar kowane yaro ya kama wani abu, ko da ɗan mitsitsi ne. Auta tana da uku a leda mai ruwa, ta ce ba za a soya ba sai babanta ya dawo ya gani. Suna kan hanyar fita Manaja ya biyo su, ya ja Gwaggo gefe, ya sassauta murya. Ta ɗauka haƙuri zai bayar, har ta soma sakin fuska.

"Hajiya, ke da kika san harkar nan," ya ce. "Farar nan, idan aka zuba ta a 'yan kwalabe, kwana nawa take yi ba ta mutu ba? Kuma guda nawa kike ganin ya kamata a sa a kowace kwalba?"

 Gwaggo ta kama hannun Auta, ta ce ta riƙe ledar da kyau kada ruwan ya zube.