Ranar da Mati Ya Tsokani Taubashinsa

A ƙauyen nan na gefen Maska kowa ya san Mati da Talha ba sa gaisawa sai da tsiya. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Talha shi ne malamin gonan da gwamnati ta ajiye musu, kuma wallahi yana aiki. Tsutsa ba ta gama shiga masara ba ya iso kan tsohon babur ɗinsa, ya buɗe ganye ya duba, ya faɗi maganin da za a fesa. Amma a bakin Mati sunansa cima-zaune.

Ana gab da shuka sai ga baƙi daga birni. Suka ce gwamnati za ta sake tsarin ayyukan raya karkara, ofisoshi sun yi yawa, za a haɗe wasu a rufe wasu don aiki ya yi sauri. Aka tara manoma a ƙofar gidan mai gari, shugabar tawagar, Hajiya Raudatu, ta tambaya ko malamin gonan yana amfanarsu.

Mati da shegen baki, ya hango Talha zaune ya sha babbar riga yana wani natsuwa, ai sai ya kasa haƙuri. Ya ce wannan? In dai shan fura a gindin mangwaro aiki ne, to babu kamarsa. Wuri ya kece da dariya, har Talhan ya murmusa. Hajiya kuwa ba ta san dangantakarsu ba, ta sake tambayarsa, da gaske yake? Nan fa Mati ya daskare. Ina aka taɓa ganin mutum ya yabi nasa a gaban baƙi? Kunya ta rufe shi, ya sosa ƙeya ya sunkuyar da kai. Sauran kuma kowa na jiran wani ya gyara, har baƙi suka tashi.

Kafin masara ta kai gwiwa an rufe ofishin, an mayar da aikin Funtua, Talha kuma an tura shi can arewacin jiha. Mai gari ya ce dama an gama shawara tun daga sama, amma zuciyar Mati ta ƙi yarda. Baƙin ciki ya hana shi sakat.

Ranar tafiya Mati ya je tasha, ya tarar ana ɗaure kayan Talha a saman mota. Ya matsa, ya daure ya jefa masa tsokana, wai Allah ya raka taki gona. Ya tsaya yana jiran a rama, ko da zagi ne.

Talha ya juyo, ya miƙa masa hannu biyu cikin ladabi.

"Malam Mati, na gode da rakiya. A gai da mutan gida."