Ranar da Kofur Renante Ya Faɗi Gwaji

Tun da Mang Teryo ya ga ɗansa ya durƙusa a tashar motar garin Cabanatuan yana goge takalmi da gefen hankici, jikinsa ya ba shi yau ma za a ɓata lamarin. Haka yaron ya yi wancan karon. Ya sha aski da guga, ya je gaban likitocin soja, ya dawo da takardar da ta ce kunnuwansa lafiya lau suke.

"Renante," ya kira shi.

Kwandasta yana ta ihun Manila a bayansu, wata mata tana jan kwandon kaji suna kuka, amma Renante bai ɗago ba sai da uban ya dafa kafaɗarsa.

"Opo, Tay," ya ce da murmushi, wato "to, Baba", irin amsar ladabin da yake ba kowane babba ko bai ji abin da aka ce ba.

Shekaru Renante ya yi a rundunar igwa can kudu. Ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa cif, uwarsa ta je coci ta kunna kyandir. Sai daga baya aka gane abin da igwa ta ci. Ya sami aikin gadi, aka sallame shi don ba ya jin kiran oba-oba. Teryo ya ba shi babur ɗinsa na haya, ranar farko babbar mota ta kusa bi ta kansa tana danna hon. Yanzu kuma matarsa Liwayway ta haihu, jaririyar takan tsala kuka a gefen kansa, shi yana ta barcinsa. In kwamitin likitoci ya yarda igwa ce ta kashe kunnen, za a ba shi kuɗin nakasa da na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a kunne. In bai yarda ba, ko babur ɗin aka sayar ba zai sayi na'urar ba. Sun rubuta ƙorafi, aka ba su damar sake gwaji sau ɗaya tak.

Duk hanya Teryo bai runtsa ba. Abin da ya kasa ganewa shi ne yadda mutumin da murfin tukunya zai faɗi a bayansa bai waiga ba ya ci gwajin kunne.

Zauren jiran asibitin sojoji cike yake da tsofaffi, kowa rungume da jakar takardunsa. Suka sami wuri kusa da wani mai sandar guragu, gashinsa fari fat, wanda ya ce sunansa Saje Poldo tun kafin a tambaye shi. Ya ƙare wa Renante kallo daga aski har takalmi.

"Wannan mara lafiya ne ko ango?"

"Kunne ne," in ji Teryo.

"Igwa?"

"Igwa."

"Me suka ce?"

"Wai yana jin faɗuwar allura."

Saje Poldo ya matso da kujerarsa, ya sa fuskarsa daidai ta Renante, ya buɗe baki sosai yadda za a karanta leɓensa. "Kofur, yaya aka yi ka ci gwajin nan?"

Fuskar Renante ta washe. Ya amsa da babbar muryar nan tasa da bai san tana da ƙarfi ba, har masu zama a can ƙarshen zaure suka juyo.

"Ai ba wuya, Saje. Ɗaki ne ƙarami mai taga ta gilashi. Suka sa min abin kunne, suka ce in na ji ƙara in ɗaga hannu. Ni kuwa ba na jin komai sai sauron nan da ke kunnena kullum. Sai na lura duk sanda matar ta danna abinta, kafaɗarta ta dama tana ɗan sauka. Ta sauka, in ɗaga. Ta sauka, in ɗaga. Ko ɗaya ban kuskure ba."

Zauren ya ɓarke da dariya. Wani tsoho mai ido ɗaya ya riƙe cikinsa. Saje Poldo yana buga sandarsa a ƙasa yana tari.

Teryo bai yi dariya ba. Ya juyo da fuskar ɗansa da hannu biyu.

"Satar amsa ka yi a gwajin kunne?"

"Tay, gwaji ne fa. Ni ban taɓa faɗuwa gwaji ba a soja. Kai ma ka ce kada in ba ka kunya."

"Cewa na yi ka sa riga mai tsabta."

Renante ya sunkuyar da kai yana murza babban yatsansa. Da ya sake magana, muryar ta sauka.

"In suka rubuta ni kurma ne, shi ke nan na zama kurma."

Teryo ya jira har ya ɗago ido. "Ɗana, Liwayway ta sani. Maƙwabta sun sani. Zakaran gidanmu ma ya sani, ya daina wahalar da kansa a bakin tagarka. Takarda ce kaɗai ba ta sani ba."

Renante ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci, bai ce zai daina ba. Teryo kuwa ya san ɗansa. Da zarar ya ga gilashi da kafaɗa, hannun zai tashi da kansa. Sai wani sabon tsoro ya kama shi. In ya faɗa wa likita gaskiya, ba za a ce yaron ya yaudari gwamnati ba? Ba za a rufe fayil ɗin gaba ɗaya ba? Ya raɗa wa Saje Poldo.

"Mang Teryo, na tsufa a kan bencin nan," in ji Saje. "Na ga masu ƙaryar ciwo kala-kala. Akwai wanda ya manta wace ƙafa yake ɗingisawa. Mai ƙaryar lafiya dai yau na fara gani. Ba na jin an rubuta doka dominsa."

Wannan bai kwantar wa Teryo da hankali ba. Da aka kira sunansu, ya miƙe suka shiga.

Dokta Magsino gajeruwar mace ce mai tabarau, takunkumi a fuskarta. Ta buɗe fayil tana magana, Renante yana tsaye ƙiƙam yana cewa opo a duk inda ta numfasa. Teryo ya cire hularsa, ya matse ta a ƙirji.

"Ranki ya daɗe, akwai abin da ya kamata ki sani kafin a fara. Yaron ba mugu ba ne."

Ya faɗa mata duka, har da kafaɗar. Ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. Sannan ta sauke takunkumin, sai ya ga tana cije leɓe.

"Kofur, na tambaye ka yanzu ko kana da ciki wata uku, ka ce min opo."

Kunnuwan Renante suka yi ja.

"A juya masa kujera ta kalli bango," ta ce wa ma'aikacin na'ura. "Baba, kai tsaya nan kusa da ni. Kada ka yi masa wata alama."

Ta gilashin, ƙeyar ɗansa kawai Teryo yake gani, da hannuwansa biyu a kan gwiwa. Ma'aikacin ya danna. Hannun bai motsa ba. Ya murɗa ya ƙara ƙarfin sautin, ya sake dannawa. Shiru. Teryo ya tsinci kansa yana roƙon Allah kada hannun ya tashi, sai kuma ya ji nauyin addu'ar, wane uba ne ke roƙon haka? Ma'aikacin ya ci gaba da murɗawa, har sai da ya kai can sama, sannan hannun dama ya ɗago a hankali, rabi, kamar ɗalibin da ba shi da tabbas.

Renante ya fito rigarsa jiƙe da gumi.

"Na faɗi?"

"Warwas," in ji likitar, tana rubutu. "Na dama ya fi na hagu, amma duka biyun sun tafi da nisa. Kuma irin tafiyar da ƙarar igwa ke sawa ce. Haka zan rubuta."

Teryo ya ji kamar ya rungume ta, sai ya rungume hularsa.

Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani ƙaramin akwati. "Wannan ta asibiti ce, ta gwaji. Bari mu ga ko za ta yi maka amfani." Ta maƙala masa a kunnen dama, ta ɗan daidaita, ta yi wa Teryo nuni ya koma bayansa ya ce wani abu.

Teryo ya tsaya a bayan ɗansa, duk maganar duniya ta gudu daga kansa.

"Igiyar takalminka ta kwance," ya ce a hankali.

Renante ya duba ƙasa. Sannan ya daskare. Ya juyo.

"Tay, yaushe muryarka ta zama ta tsoho?"

"Ranar da ka shiga soja."

Renante ya kalli fanka, ya kalli ƙofa inda takalmin wata nas ke ƙwas-ƙwas, yana dariya ba sauti. "Wa ke soya abu?"

"Ruwan sama ne a kan kwano," in ji likitar.

Teryo ya riga ya zaro waya, ya buga gida. Liwayway ta ɗauka, ya ce ta kai wayar bakin yarinya, maza.

"Barci take, Tay. Yarinyar da ta hana unguwa sakat, yau ta ga damar yin shiru."

Renante ya jiyo muryarta, ya karɓi wayar. "To ɗan mintsine ta mana."

"Ka zo ka mintsine ta da kanka," ta ce. Sai ta farga. "Renante? Ji na ka yi?"

"Na ji. Masifarki tana nan yadda na bar ta."

Ta fashe da kuka haɗe da dariya, sannan ta kai wayar kusa da jaririyar. Renante ya rufe ido, ya manna wayar a kunne.

"Minshari take yi," ya ce. "Ƙaramin minshari, irin na kyanwa."

Dokta Magsino ta bar shi ya daɗe fiye da yadda ya kamata, ga layi yana jira a waje. Daga baya ta miƙa tafin hannunta. Ya cire na'urar da kansa, ya ajiye mata, ta mayar cikin akwati.

A rumfar mai abinci da ke bakin ƙofar asibiti, Teryo ya ja Saje Poldo ya ce yau shi zai ciyar. Ya sa aka zubo musu faten shinkafa mai citta, yana gaya wa mai rumfar cewa ɗansa ya faɗi gwaji. Matar ta yi masa jaje, ta ƙara wa Renante dafaffen ƙwai don ya rage baƙin ciki. Saje ya kusa shaƙewa.

Renante ya cinye ƙwan, ya dafa hannun ubansa.

"Yanzu za su ba ni ita, Tay?"

Teryo ya juyo sosai don ya ga bakinsa. "Ban sani ba, ɗana."

Takardu biyu ne yanzu a fayil ɗin, ɗaya ta ce yana ji, ɗaya ta ce ba ya ji, kowacce da sa hannun likita. Kwamiti zai zauna wani lokaci bayan damina, kuma babu wanda ya gaya musu wacce zai ɗauka.