Tafin Baba Gola

"Ka daina motsa kai, Baba, kada in raba ka da kunne," in ji mai aski, yana danna kan tsohon ƙasa da yatsu biyu.

"To matsa daga gaban talabijin. Ƙeyarka na zo kallo?"

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Shagon ya cika har bakin ƙofa, bencin ciki da na waje duk babu masaka tsinke, fanka na ta juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wasan ƙasa da ƙasa ake yi, namu da 'yan tsallake, maƙwabtan da aka rufe iyaka da su tun daminar da ta wuce saboda rigimar madatsar ruwa. Tun kafin a take leda magana ta tashi, don kyaftin ɗinmu ya wuce nasu kyaftin bai ba shi hannu ba, kuma an nuna abin sau ba adadi.

"Namiji ke nan," in ji bakaniken da garejinsa ke kallon shagon, yana zaune a kan galan, hannunsa duk baƙin mai. "Wanda ya tare maka ruwa ba ka ba shi hannu."

"Kana nufin mai lamba huɗun can ne ya kwaɓa simintin madatsar?" in ji malamin makaranta daga ƙarshen benci.

"Malam, ka bar wannan. Su da gwamnatinsu duk kanwar ja ce."

Baba Gola ya yi tsaki daga cikin ƙyallen askin da aka ɗaura masa a wuya. "Kyaftin ɗin namu ko a taswira bai san inda kogin yake ba. Manya suka ce kada ya gaisa, ya ƙi gaisawa. Su manyan in sun haɗu a otel rungumar juna suke yi. Ƙwallo ba ta da fasfo, ɗana."

Mai aski ya ƙara wa injin ƙarfi don ya danne maganar. Shi dai ba ya son siyasa a shagonsa, musamman da ƙarfe a hannunsa da kan mutum a gabansa. Kuma ya san abin da sauran suka manta ko suke yi kamar sun manta. Baba Gola maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. Da ƙuruciyarsa ya tsare wa unguwa raga, sunan ya bi shi har furfura. Daga baya ya ja babbar mota, ya yi shekaru yana ratsa iyakar nan kamar tsakar gidansa, kuma a can ya aurar da 'yarsa tilo. Ta haihu bayan an rufe hanya, har yau bai ɗauki jikansa ba. Shi kuma bakanike, ƙanensa soja ne, an tura su bakin iyakar, wayarsa ta daɗe ba ta shiga. Mutum biyu, kowa da ƙaya a ƙafa, suna taka wa juna.

Ga shi da safe Inna, matar Baba, ta leƙo ta katanga ta ce masa, "Ka yi wa abokin naka faɗa, ya daina shan maganin hawan jini, wai yana sa shi kasala." Mai aski ya yi niyyar yi masa magana idan shago ya ragu.

Ya gama gefen dama ke nan, ya koma na hagu, sai alƙalin wasa ya busa. Fenareti, namu ne. Shagon ya miƙe tsaye. Ɗan wasanmu ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya yi 'yar rawa da ƙugu, ya buga ƙasa-ƙasa ta kusurwa. Golan 'yan tsallake ya miƙe kamar kyanwa ya ture ta da yatsu.

Shiru ya sauka, irin wanda ake jin kukan fanka. A cikin shirun nan aka ji tafi. Baba Gola ne, ya fito da hannuwansa daga cikin ƙyalle yana tafawa a hankali, fuskarsa cike da murmushi.

"Baba, tafi ka yi?" in ji bakanike.

"Ba ka ga yadda ya karanci ƙafar ba? Bai kalli rawar ba, ƙafar tsayuwa ya kalla. Wannan gola ne."

"Ƙanena na can kwance a rami da bindiga, kai kana nan kana tafa musu."

"Ni ma jinina na can, ɗana."

"Shi ya sa." Bakanike ya ture galan ɗin da ƙafa, ya matso har gaban kujera. "Ai mun sani. Gangar jikinka ce kawai a layin nan, zuciyarka na tsallake. Ka tattara ka bi 'yarka mana. Ranar da aka fara harbi mu san gefen da kake."

"Kai, ya isa," in ji mai aski. "Sa'an ubanka ne."

"Ubana bai taɓa tafa wa maƙiyi ba."

Baba Gola ya dafa hannun kujera kamar zai tashi. Jijiyar goshinsa ta fito raɗau. "Ni kake gaya wa haka? Ni da na goya ka zuwa asibiti kana… kana…"

Kalmar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ta fito a narke, kamar mai magana da ruwa a baki. Wani a bencin waje ya yi dariya, yana zaton tsohon kwaikwayo yake yi. Mai aski bai yi dariya ba. A madubi yake ganinsa, kuma a madubin ya ga gefen bakin Baba na hagu yana zamewa ƙasa, ido ɗaya ya faɗa, hannun da ya gama tafi ya sulale daga kan kujera ya rataye.

Ya kashe inji. "Baba. Baba, kalle ni. Ɗaga hannun nan."

Hannun bai ɗagu ba.

Nan shago ya rikice. Wani na cewa a kawo ruwa, wani na cewa a kwantar da shi, malami na cewa kada a ba shi komai a baki, a nemo mota. Bakanike ya tsaya kamar an dasa shi, baki buɗe. Sai da mai aski ya daka masa tsawa ya ce, "Motar da ka gama gyarawa, tana tashi?" sannan ya farka. Ya durƙusa, ya juya baya, ya ce a ɗora masa shi. Haka ya tsallaka titi da tsohon a bayansa, ƙyallen aski na lilo, rabin kai a aske rabi da suma.

Inna ta fito da takalmi ƙafa ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga baya ta ɗora kan mijinta a cinyarta, mai aski ya zauna ta ƙafafu yana riƙe da hannun da ke da sauran rai. Bakanike ya figi mota.

Ba su kai shataletale ba aka ji garin ya ɗauki ihu gaba ɗaya, daga shaguna, daga gidaje, daga rumfunan kallo. Mun ci. Kafin ka ce kwabo matasa sun cika titi da tutoci da babura, wasu na kaɗa murafen tukwane. Can gaba 'yan sanda sun gitta mota sun tare hanyar kasuwa, don an ce wasu na shirin faɗa wa layin da 'yan tsallake ke da shaguna. Hanyar asibiti ta nan ta bi.

Motar ta tsaya cik a tsakiyar mutane. Hannuwa suka fara dukan rufinta. Wani saurayi da ya shafa wa fuskarsa fenti ya cuso kai ta taga.

"Direba, danna hon mana. Ko kai nasu ne?"

Bakanike ya danna. Saurayin ya leƙa baya. "Tsoho kuma fa? Shi ba ya murna? A tafa mana, Baba."

Mai aski ya ji hannun Baba ya matse nasa. Numfashin tsohon ya koma gurnani, yawu na bin gefen bakinsa, Inna na sharewa da bakin mayafinta tana motsa leɓe. Mutane sun fara taruwa a tagogi, wani ya riga ya kama murfin ƙofar baya.

Bakanike ya buɗe tasa ƙofar ya fito. Ba dogo ba ne, amma duk wanda ya ga ƙirjinsa ya san ƙarfe yake ɗagawa. Bai ɗaga murya ba.

"Ubana ne. Mutuwa yake yi. Ku ba ni hanya."

Saurayin ya sake leƙawa, wannan karon ya ga fuskar sosai. Ya saki tutarsa ƙasa, ya juya ya fara ture abokansa. Shi ya shiga gaban motar da gudu yana buɗa hanya har wurin 'yan sanda, shi ya yi musu bayani. Ɗan sandan ya leƙa, ya ɗaga hannu aka ja motarsu baya.

A asibiti aka karɓe shi a kan gadon turawa. Likita, wata mace mai ƙaramar murya, ta fito bayan wani lokaci ta ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma jinin ya yi yawa. Ta ce duk wanda ya kamata a kira, a kira shi. Inna ta gyaɗa kai kawai. Bakanike ya zauna a ƙasan baranda ya jingina da bango, baƙin man hannunsa ya shafe gwiwoyin wandonsa. Mai aski ya so ya gaya masa cewa tsohon ya daina shan magani, ba maganar bakaniken ce kaɗai ta jawo wannan ba. Ya buɗe baki, ya ga ba zai ji ba, ya rufe.

Washegari da hantsi Inna ta ce masa, "Ɗana, koma ka ɗauko injinka. An samu yarinyar, za ta kira ta gan shi. Ba na so ta ga ubanta da rabin kai."

Ya ɗauko. Ya shimfiɗa tawul a kan matashi, Inna ta tallafo kan, ya aske gefen da ya rage a hankali, ya daidaita gemu, ya share wuya da auduga.

Wayar ta shigo. Fuskar 'yar ta bayyana, tana tsayawa tana motsi. Ta ce ta je bakin iyaka tun da sassafe, ta roƙa, ta nuna musu hoton asibiti, an ce babu mai wucewa. Sai ta ɗago jaririn ta cika allon da shi, kumatu da ƙwala-ƙwalan idanu, yana tsotsar yatsa.

"Baba, ga shi. Ga mai sunanka. Dubi hannuwansa, irin naka ne, manya."

Idon Baba na dama ya tsaya a kan wayar. Hawaye ya taru a cikinsa ya gangara cikin kunne. Leɓensa ya motsa, babu sauti. Inna ta riƙe wayar har hoton ya daskare ya ɗauke.

Duk wannan bakanike na bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Mai aski ya je ya kamo hannunsa. Ya shigo yana jan ƙafa, ya tsaya a gefen gado kamar ɗan makarantar da aka kira ofis.

"Baba," ya ce. "Na sake kallon fenaretin. Golan ya iya. Ƙafar tsayuwa ya kalla, kamar yadda ka ce." Ya matso kusa. "Ka yafe mini, Baba."

Ko ya ji ko bai ji ba, Allah ne masani. Yatsun hannunsa na dama dai sun motsa a kan zanen gado. Bayan azahar numfashin ya fara nisa da juna, ya ja ɗaya mai tsawo, na bayansa bai zo ba. Inna ta shafe masa ido, ta gyara masa wuyan riga.

An kai shi kafin rana ta faɗi. Layin ya fito kaf, har da masu shaguna 'yan tsallake, waɗanda suka tsaya can baya-baya har sai da malami ya je ya jawo su cikin mutane. Babu wanda ya yi zancen ƙwallo. Iyaka kuwa tana nan a rufe, rediyo na ta cewa ana tattaunawa, ƙanen bakanike bai kira ba tukuna.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, mai aski ya shiga gidansa ɗaukar tawul masu tsabta, sai ya ji muryar mace na tsinkewa daga tsakar gidan Baba. Ya leƙa ta katanga. Bakanike ne tsaye a kan wani tsohon tebur, ya miƙa hannu sama iya tsawonsa da wayar Inna, yana neman inda layi ya fi kamawa. Inna na zaune a ƙasa kan tabarma, ta ɗaga kai tana magana da wayar, tana tambayar 'yarta ko yaron ya fara haƙori. Hannun bakanike ya gaji, ya canja zuwa ɗayan a hankali, don kada layin ya yanke.