Yatsa Biyu a Kafaɗar Hagu

A duk garin Olanchito babu macen da ba ta san bakin Doña Eufrasia ba. Ɗinkinta ake so, amma sai an haɗa da haƙurin jin maganarta. Shekara arba'in tana taka keken ɗinki ɗaya a barandar gidanta, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa yarda da awon nama ba. A ganinta nama zuwa yake yi ya tafi, ƙashi ne ke zama. Kafin ta ɗauki tef ɗin awo sai ta kama wuyan hannun mutum ta zagaye shi da babban yatsa da na tsakiya. In yatsun suka hau juna, mai ƙaramin ƙashi ne. In suka taɓa juna kawai, tsaka-tsaki. In kuwa suka ƙi haɗuwa, to a koma kasuwa a ƙaro yadi.

"Irin ta 'yar ƙanwata nake so," in ji Petrona, maƙwabciyarta kuma aminiyarta tun suna 'yan mata, tana tura mata waya a fuska. "Dubi yadda rigar ta zauna mata."

"Wannan ai ƙashin tsuntsu gare ta. Ke kuwa kafaɗar babanki kika ɗauko, mutumin da ke saɓa nonon ayaba biyu a tafiya ɗaya."

"Haba Frasia! Na fa rame. Wata biyu rabona da soyayyen wake."

"Ko azumin shekara za ki yi, kafaɗa ba ta ramewa. Juya min baya, uwar tsiya."

Petrona ta juya tana ƙunƙuni. Ta san in rigar ta fito ita za a kalla a coci, kamar yadda aka saba.

Wannan mai bakin dai, a duk ranar sha biyu ga Agusta ba ta karɓar aikin kowa. Ranar haihuwar Nahúm ce, ɗanta tilo. Yana da shekara ashirin ya saɓa jaka ya bi ayarin masu ƙetara iyaka zuwa ƙasar da ke arewa da tasu neman aiki. Kiransa na ƙarshe daga wani gari ne a bakin iyaka, ya ce gobe za su shiga hamada, in ya tsallaka zai kira. Shekara goma sha uku ke nan wayar ba ta zo ba.

Duk ranar sai ta buɗe akwatin katako ta fito da awonsa, wanda ta yanka a takardar buhun siminti makon da zai tafi. Ta shimfiɗa farin yadi, ta ɗora takardar, ta bi da alli, ta ɗinka masa sabuwar riga. Nahúm mai babban ƙashi ne, yatsunta ba su taɓa haɗuwa a wuyan hannunsa ba tun yana ɗan sha biyar. Sai dai kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka da yatsa biyu. Yana da shekara tara ya faɗo daga mangwaron bayan gida, ƙashin da ya tashi daga wuya zuwa kafaɗa ya karye, mai ɗorin ƙauye ya haɗa shi a karkace, ya warke da ɗan ƙulli. Shi ya sa rigar kanti ba ta taɓa zauna masa ba, kullum wuyan sai ya zame gefe. Ita kaɗai ta san yadda za ta sassauke ɗinkin hagu har a ga kamar daidai Allah ya yi shi.

Awon kafaɗar ba ta taɓa shi. Ciki ne take ƙara wa. Mijinta marigayi Cástulo siriri ne kamar sandar rake har ya kai talatin, daga nan ya ajiye tumbi bai sake waiwaye ba, ta kuwa san ɗan zai bi uban. Saboda haka kowace shekara sai ta matsa allin waje kaɗan a gefe da gefe. Tana ɗinki tana yi masa hira a zuci. Yanzu ya kai ashirin da biyar, ya yi gashin baki sosai. Yanzu talatin, lalle ya yi mata, wataƙila ba ta iya girki ba, abincin gwangwani take ɗura masa. Wani lokaci har faɗa take yi da matar da ba ta taɓa gani ba. In ta gama ta goge rigar, ta ninke, ta ɗora a kan 'yan'uwanta. Kewarsa ba ta ragu ba ko kaɗan, ita dai ta samar mata aikin yi ne.

Bara ne Petrona ta ja ta zuwa zauren coci. Ƙungiyar iyayen da 'ya'yansu suka ɓata a hanya ta gayyato likitocin da ke duba ƙasusuwan da ake tsinta a hamada, suna ɗibar jinin dangi don a gwada. Petrona ƙanenta take nema.

"Ni ɗana ba ƙashi ba ne," in ji Eufrasia. "Rakiya kawai na yi miki."

"To yi rakiyar a zaune, kin tsaya min a ka kamar mai gadin banki."

Wata ƙaramar likita mai suna Xiomara ta zo ta durƙusa a gabanta, ta kira ta Iya, ta tambayi sunan ɗan. Da ma a nan ta tsaya da an rabu lafiya. Sai ta ce ko Iya za ta iya tuna tsayinsa, ko da a ƙiyasce ne, don yawancin iyaye sukan manta.

Ƙiyasce! Ita Eufrasia? Nan take ta zubo mata shi kaf: faɗin kafaɗa, tsawon hannu daga kafaɗa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa wuyan hannu, tsawon baya, da yatsa biyun nan na hagu, da mangwaron, da mai ɗorin da har yau ba ta yafe masa ba. Yarinyar na ta rubutu da sauri. Girman kan sana'a ne ya sa ta magana, kafin ta ankara har ta miƙa yatsa an ɗiga jini. Da suka koma gida, kwana uku ba ta amsa gaisuwar Petrona ba.

Bana, ana saura kwana biyu Agusta ya ƙare, da hantsi, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Rigar bana na rataye a baranda, saura maɓalli, don kasuwa ta yi ƙarancin irin waɗanda take so. Xiomara ta fito riƙe da jakar takardu, Petrona na biye da ita, ta yafa mayafin zuwa coci a ranar da ba Lahadi ba. Eufrasia ta ga mayafin, ta ɗage ƙafa daga keke.

Ta ba su kujera, ta dafa kofi, ta yanka burodi, ta yi ta kai da kawowa har sai da Petrona ta kama zanenta.

"Zauna, Frasia. Don Allah zauna."

Xiomara ta yi bayani a hankali. An tsinci wani a ƙarƙashin wata 'yar bishiya, tafiyar kwana biyu daga iyaka. An daɗe da tsintarsa, yana ajiye babu suna. Gwajin jini ya dace da nata.

"Takarda ce wannan," in ji Eufrasia. "Ni ban san jini ba, 'yata. Na'ura ma tana kuskure. Kekena nan, in ya ga dama sai ya tsallake zare."

"Gaskiya ne, Iya."

"Kuna da hotonsa?"

Xiomara ta dubi Petrona. "Ba fuska ba ce, Iya. Ba lalle ne ki gani ba."

"Na tambaye ki fuska? Kafaɗa za ki nuna min."

Yarinyar ta zaro hoto guda ta ajiye a kan teburin yanka. Ƙasusuwa biyu ne a kan baƙin ƙyalle, an jera su gefe da gefe, an ajiye ma'auni a ƙarƙashinsu. Na dama miƙaƙƙe, mai kauri. Na hagu ya ɗan gajarta, ya lanƙwasa, a tsakiyarsa da ƙulli.

Eufrasia ta sa tabarau. Ta ciro tef daga wuyanta ta duba lambar ma'aunin, ta duba nata, kamar yadda za ta yi wa kowane aiki. Sannan ta ɗora babban yatsanta a kan ƙullin. A nan take ɗora shi duk lokacin da take gwada masa riga, shi kuma ya riƙa noƙewa yana dariya yana cewa, "Mama, cakulkuli kike min." Yatsan ya san wurin tun kafin idonta ya gama yarda.

"Yaushe?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ƙashin ya nuna bai wuce ashirin ko ashirin da ɗaya ba. Muna ganin a tafiyar nan ce, Iya. A makon da ya kira ki."

Petrona ta fashe da kuka. Eufrasia kuwa rigar da ke rataye ta kalla, mai faɗin ciki, rigar magidanci ɗan talatin da uku. Ashe bai yi gashin bakin ba. Babu matar da ba ta iya girki ba. Duk shekarun nan ita kaɗai ke ciyar da shi da alli, yatsa bayan yatsa, shi kuwa yana kwance yadda ya bar gida.

"Yaushe za a kawo min shi?"

"Nan da wata guda, in Allah ya yarda. A ɗan ƙaramin akwati zai zo." Xiomara ta dubi rigar da ke rataye. "Wasu iyayen sukan sa wani kaya nasa a ciki. In kina da shi."

"Goma sha uku ne da ita," Petrona ta ce cikin kuka. "Ki ɗauko ta farkon, Frasia, ita ce daidai da shi."

"Ta farkon ta sha ajiya, ta yi ja a ninki. Ɗana ba zai dawo gida ya sa tsohuwar riga ba."

Ta tashi ta sauke rigar bana, ta juya cikinta waje, ta shimfiɗa a tebur kusa da hoton. Ta buɗe akwati ta ɗauko takardar buhun simintin, wadda ta yi laushi don tsufa, ta ɗora a kai. Yadi ya yi rara a gefe da gefe kusan tafin hannu. A kafaɗa kuwa takarda da riga sun hau juna, babu ragi babu ƙari.

Ta ɗauki reza ta fara farke ɗinkin gefe, zare bayan zare. A nan hawayen suka zo, har ba ta ganin layin.

"Kawo in taya ki," in ji Petrona.

"Ke da ba ki iya sa zare a allura ba? Riƙe min nan dai. A'a, ba nan ba, kada ki ja kafaɗar. Kafaɗar daidai take."