Ɗigon Kore

Kuskuren Jelle shi ne ya ɓoye wa nasa inda yake, ya bar saninsa a hannun mutanen da ba su san kowa nasa ba.

Kamfaninsa na Utrecht ya ɗauka yana gida yana musu aiki ta kwamfuta. Shi kuwa yana wata ƙasar, a birnin Lisbon, a ɗakin haya saman na Amílcar mai gyaran famfo. Amílcar ne ya tarar da shi zaune a matakala, dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga.

"Dogo, tashi mu je asibiti. Ka yi fari kamar kifin da ya kwana a gishiri."

"Senhor Amílcar, takardar likitan Lisbon na isa ofis sun kore ni. Ara mini agogonka dai, in kwanta kaɗan."

Ya yi masa bayani yana haki. In ya ɗora linzamin kwamfuta, wato maus, a fuskar agogo, tsinken daƙiƙa na zagayawa, kwamfutar sai ta ɗauka hannun mutum ne. Ɗigon da ke gefen sunansa ya zauna kore, shugabanni su ga yana bakin aiki. Amílcar ya kwance agogon ya miƙa masa, ya ce aikin da agogo zai iya yi wa mutum ba aiki ba ne. Jelle ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Tun daga ranar, kujerar Jelle mai taya da ke yini tana gurzar rufin Amílcar ta yi shiru. Da farko har daɗi ya ji. Sai ya lura da wankin Jelle a igiyar taga: ruwa ya dake shi, ya bushe, ya sake dukansa. Dona Graciete mai burodi ta ce rabonta da dogon an kwana biyu, amma ai haka baƙin nan suke, yau suna nan, gobe suna Bali. Amílcar ya hau ya buga ƙofa, shiru. Ya kira mai gidan a waya, wanda bai taɓa ganin Jelle ido da ido ba, mai gidan ya ce a ƙyale baƙo ya huta.

Daga baya ne Amílcar ya ji cewa Femke, ƙanwar Jelle, ta gaji da kiran wayarsa har ta nemi ofishinsu. Suka ce ta kwantar da hankali, ga ɗigonsa nan kore.

Wari ne ya fara saukowa matakala. 'Yan kwana-kwana suka ɓalle ƙofar, suka tarar da Jelle a gado, takalmi ɗaya a ƙafa. Amílcar ya tsaya gefen tebur, riga a hanci. Kwamfutar na jone da wuta, agogonsa na tafiya a ƙarƙashin linzamin.

Ya zare shi, bai ɗaura ba, ya jefa a aljihu. Ya tsaya yana kallon allon har ɗigon ya koma ruwan ɗorawa.