Hoton Mai Hoto

"Wanda ya ɗauki wannan hoton bai iya aiki ba," in ji Mai Hoto, yana ɗaga baƙin faifan asibiti saitin tagar shagon Tela. "Shekara arba'in ina sana'ar nan, ban taɓa ba mutum hoton da aka kasa gane shi ba."

Tela ya tsayar da kekensa ya leƙa. Ƙwaƙwalwar maƙwabcinsa ce a jere gida-gida, da wani farin ɗigo kamar ƙwayar gyaɗa. Likitoci uku sun duba. Na farko ya ce ƙari ne mai nawa, ana shekaru da shi. Na biyu ya ce wani ne mai kama da shi sak, amma mai gaggawa. Na uku ya sosa ƙeya, ya ce duka biyun ba kasafai ake ganinsu ba, wurin kuma ya yi zurfin da ba za a iya ciro yanki a gwada ba, sai a dawo bayan sati shida a sake hoto.

Mai Hoto ya ce ai tagwaye ne, shi ma ya sha ba wannan hoton wancan. Ba a rarrabe su sai sun motsa.

Tela ya yi dariya. Da safe matar Mai Hoto ta tare shi a ƙofa ta ce duk gidan babu hoton mijinta ko ɗaya. Mutumin da ya ɗauki kowa a layin nan, har akuyar wanzami! Ta sha roƙon mijin ya zauna a ɗauke shi, ya ce sai likitoci sun gama gardamarsu, ba zai shiga hoto da baƙon cikin kansa da bai san sunansa ba.

Sai Tela ya ɗinka masa riga cikin kwana biyu, ya shirga ƙarya cewa hotonsa cikin rigar yake so don tallar shago.

"To, don sana'a na yarda," in ji Mai Hoto, ya miƙa masa kyamara. Zamansa ke da wuya ya hau ba da umarni. "Ja baya. Riƙe numfashi. Malam, yatsanka na kan gilashi."

Matar ta tuntsire da dariya daga bakin ƙofa. Ya juya yana taya ta, Tela ya danna.

A sati na biyar Mai Hoto ya rasu, da hantsi, bayan ya sha shayi ya ce sukari ya yi kaɗan. Ba a kai ga hoton asibiti na biyu ba. Tela ya yi kuka sosai, bai ɓoye ba.

Hoton yana falo yanzu. Ya karkace, babban yatsan Tela ya cinye kusurwa guda. Mai Hoto na dariya yana kallon gefe, saitin ƙofar da matarsa kan tsaya ta goge hannu a zane.