Ragowar da Ake Mayarwa Ganga

Tun da zazzaɓin bara ya kashe mini hanci, ban ƙara sanin abin da ke cikin gangunana ba. Giyar da na noma inabinta da hannuna, in na kurɓa, ruwa mai tsami kawai nake ji. Da Madam Vasseur, mai saya wa gidajen abinci na birnin Lyon giya, ta ce za ta zo ɗanɗano, na rasa wanda zai tsaya mata sai ɗana Aurélien.

Shi kuwa bai daɗe da dawowa daga asibitin masu barin shan giya ba. Matata Odile ta ce kada in kuskura in kai shi ɗakin ganguna da ke ƙarƙashin ƙasa. Shi da bakinsa ya ce zai iya, ai ɗanɗano ba sha ba ne, kurɓa ake yi a tofar. Na so in yarda, sai na yarda.

Muka sauka da hantsi, har da maƙwabcinmu Firmin, wanda ba a buɗe ganga sai yana nan. Ya ce da ni, "Kai mai hancin katako, riƙe mana fitila kawai."

Aurélien ya zuƙo giyar da bututun gilashi ya rarraba. Ya ce wa Madam kada ta yi sauri, ta juya kofin, ta shinshina, ta jira. Ya ce wannan ta gonar tudu ce, da farko ƙanshin ƙasa bayan ruwa, can daga baya na 'ya'yan itace ya biyo. Rabon da in ji muryarsa haka har na manta. Su suna kallon kofi, ni ina kallon maƙogwaronsa. Ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar kan tsakuwa. Sannan kowa ya mayar da ragowarsa cikin ganga, yadda ake yi a nan tun kakanni. Ganga bayan ganga, ina jin sautin tasa ragowar tana faɗawa, ina sakin numfashi.

A ganga ta ƙarshe, ta tsofaffin itatuwan inabin da mahaifina ya dasa, Madam ta tambaye ni labarin ƙanƙarar da aka yi a bazara. Na juya na ba ta amsa. Da na waiwayo an fara mayarwa. Firmin ya zuba, Madam ta zuba. Aurélien ya karkata kofinsa a bakin ganga, ya daɗe a haka. Ko ɗigo bai faɗa ba.

Madam ta ce duka za ta ɗauka. Firmin ya daki kafaɗata yana dariya, wai yaron ya fi ubansa.

Muna shirin hawa, Aurélien ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baba, ku je, bari in toshe gangunan."

Na tsaya a tsakiyar matakala da fitila a hannu. Odile tana bakin ƙofa a sama, tana leƙen bayana tana neman Aurélien.